Motar Marayu a Gareji

Mijina ya rasu a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. Malamin gona ne. Ya bar ni da yara uku, da gida a Jimeta, da 'yan shanu a hannun wani makiyayi, da farar Fijo ɗaya. A cikin abin da ya bari motar ce mai tsoka, kuma da kuɗinta na sa rai zan riƙe yaran a makaranta.

Masu rabon gado su biyu ne: Modibbo, malamin unguwarmu, da yayan marigayin, wanda muke kira Hamma. Saniya kam da ido suke yi mata kuɗi. Gida da riguna ma ba su ba su wahala ba. Da aka zo kan mota sai suka tsaya suna kallon juna, don a cikinsu ba wanda ya san inda ake zuba mata ruwa. Hamma ya ce a kira bakaniken marigayi ya yi mata kuɗi, ai shi ya san cikinta.

Na san mutumin. Ya ci tuwona ba sau ɗaya ba. Mijina yana yabonsa, amma mijina kowa ma yabonsa yake yi. Ni ba haka aka yi ni ba. Ko mai nono ce ta sauke mini ƙwarya, sai na ɗanɗana na ji ko ta biya ta rijiya.

Ina cikin takaba, ba fita. Abin da ake yi a waje, ta bayan ƙofar zaure nake jin sa. Da hantsi bakaniken ya zo, ya yi gaisuwa, ya ce ba zai iya faɗin komai ba sai ya kai ta gareji ya duba. Hamma ya miƙa masa makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi. Da kunnena na ji, kuma na ji tafiyarta har ta sha kwana, ba tari ba gargada.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo a ƙafa, riƙe da wani tsohon kwano. Ya zauna a zaure ya sunkuyar da kai kamar shi aka yi wa mutuwar.

"Adda, sai haƙuri," in ji shi, don a wajenmu haka ake kiran mace da girmamawa. "Motan ya mutu. Injin ya buga. Allah ne kawai ya kai ni gareji da shi."

Aka turo mini kwanon ta ƙarƙashin labule. Baƙin mai ne, da wani gari-gari mai ƙyalli a ƙasansa. Ya ce ƙarfen injin ne ya cinye kansa. Na sa yatsa na murza. Ƙarfe ne, ban musa ba.

"Wa ya ga lokacin da man nan ya fito daga cikinta?" na tambaya.

Sai Hamma ya yi gyaran murya.

"Ke kina takaba, ki ji da addu'a. Mutumin nan amini ne na ɗan'uwana."

"Hamma, ban zagi kowa ba. Motar da ta fita da ƙafarta nake tambaya."

Bakaniken bai yi fushi ba, kuma rashin fushin nan ya fi komai tsaya mini a rai. Ya bi ni a hankali. Ya ce injin yakan yi lafiya da safe ya mutu da rana. Ya ce ga sitiyarinta a dama, yanzu kuwa an sauya hannu, kowa mai sitiyari a hagu yake nema. Ya ce sabon inji sai an aika Jos, ga damina ta ɓata hanya. Kowace magana tasa in ka ɗauke ta ita kaɗai gaskiya ce. Da ya tara su wuri ɗaya, sai motar marayu ta koma kuɗin tsohon ƙarfe. Daga ƙarshe ya ce akwai wani mutumin Mubi da zai iya ɗauka, don tausayin yaran.

Na roƙi Modibbo a dakata. Ina da ƙane tela a kasuwar Jimeta, magidanci ne mai baki. Na aike shi ya nemo wani bakaniken ya sake dubawa. Ya bi garejojin garin ɗaya bayan ɗaya, ai ba su da yawa a lokacin. Ya dawo mini da ƙafa duk laka.

A nan na koyi abin da ban sani ba. Kusan duk mai riƙe sifana a Jimeta a hannun mutumin nan ya koyi aiki, ko a hannun wanda ya koya a wurinsa. Kuma suna da ƙa'ida a tsakaninsu: motar da wani ya buɗe, wani ba ya leƙa ta. Na farko ya ce wa ƙanena, "Motan da Oga ya sa hannu, ni ba na sa hannu." Na biyu ya ce in Oga ya ce ya mutu, to ya mutu. Akwai wani baƙo da ya dawo garin bayan yaƙin basasa, ya buɗe ɗan wurinsa a bakin hanyar kogi. Shi ya yarda zai zo. Aka sa rana, ranar ta zo, ya aiko cewa zazzaɓi ya kama shi. Ƙanena ya gan shi da yamma a ƙarƙashin wata tifa, garau.

Na ce to a dawo mini da motar ƙofar gida, matacciya ma ina so. Aka ce an sauke injin, ba ta motsi. Na ce a turo gangar jikin. Hamma ya ce na cika taurin kai, ana son a sauke nauyin mamaci ina ja. Har shi na fara zargi, Allah ya sani, ko da yake ban taɓa kama shi da komai ba. Na yi kuka a ɗaki don haushi, ba don rashi ba. Aka sayar. Mutumin Mubin ban ga ko inuwarsa ba. Abin da aka kawo na yaran bai kai su ko'ina ba. Babban ɗana ya bar makaranta, na kai shi shagon kawunsa ya koyi ɗinki.

Bayan na fita takaba da watanni, aka yi suna a gidan goggona a cikin Yola. Na ɗauki yaran muka je tasha, muka shiga tasin da ke kan layi. An yi mata fenti, an sa wa kujeru leda. Ban kula ba sai da muka fita gari. Na kai hannu zan riƙe bayan kujerar gaba, ledar ta ɗage, sai ga ɗinki da jan zare. Ni na yi shi, ranar da lauje ya yage wurin, don ba ni da baƙin zare a gida. Na dubi sitiyari, yana dama.

Na daure na ce wa direban, "Motarka tana da lafiya."

Ya yi dariya, ya daki sitiyarin. "Adda, wannan motan ai injinsa tun daga kamfani ba a taɓa buɗe shi ba. Na Ogan gareji ne. Shi ya san abin da yana saye."

Direba ma ya iya cika baki, na sani. Mai yiwuwa ne an sa mata wani injin, shi bai sani ba. Na juya maganar tun daga nan har Yola, ina neman inda zan wanke bakaniken, ban samu ba. Inda zan kai ƙara ma ban samu ba, don duk wanda alƙali zai kira ya duba injin, yaron bakaniken ne.

Babban ɗana yana gefena, ya ƙura wa jan zaren ido. Da muka tsaya na miƙa kuɗina. Direban ya leƙo ya dubi yaran.

"Adda, saura na yara. Sun cika kujera."

Na kwance bakin zane na biya musu.