Tsohon Zakaran Damben da Na Kora Daga Sahun Gaba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye, Mai suturta bayinSa a inda suka kasa suturta junansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ina yi wa ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta sallama. Ni tsoho ne a yau, amma abin da zan ba da labari ya faru ne ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ban daɗe da dawowa Zongon Lome ba daga neman ilimi a ƙasar kakanninmu, arewacin Najeriya. Na dawo da akwatin littattafai, da rawani, da harshe mai kaifi. Na karanta fiƙihu da nahawu da lugga a gaban malamai na ƙwarai, Allah Ya jiƙansu, amma haƙurinsu da sassaucinsu a can na baro su. Mahaifina shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu. Da ya rasu, jama'a suka tura ni gaba. Na ɗauka ilimina ne ya kai ni wurin, ban gane albarkacin mahaifina na ci ba.

Tsohon Zongo nake nufi, wanda yake tsakiyar gari kafin a tashe mu. Matasanmu da suka buɗi ido a Agoè, inda aka mayar da mu, ba su san shi ba. Lunguna ne matsattsu, inda kwano yake haɗuwa da kwano, iskar teku tana shigowa da la'asar tana gauraya da ƙamshin ɗanyen goro da hayaƙin masu tsire. Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Kotokoli duk da Hausa suke ciniki, idan matan gari suka shigo sayen kaya a juya harshe zuwa Mina. Babu gidan da ake rufe wa ƙofa da rana. A wannan unguwa ladaninmu yake, aminin mahaifina, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Kowa Baba Ƙuda yake kiransa, kuma shi da kansa yake amsawa.

Laƙabin yana da asali. A ƙuruciyarsa, zamanin Turawa, dako yake yi a gadar jiragen ruwa. Ɗan siriri ne, gajere, wanda za ka ce iska za ta ɗauke shi. Wata rana wani ma'aikacin jirgi, ƙato, ya mare shi a kan buhun da ya faɗi, kafin mutane su raba su ƙaton yana zaune a ƙasa yana tofar da jini. Wani Bature mai kanti ya ga abin, ya kai shi Ankara ta ƙasar Gana, aka koya masa damben Turawa, wanda ake yi da hannu biyu cikin safa mai laushi, ana haɗa mutum da daidai nauyinsa bayan an ɗora su a kan sikeli. Rukunin marasa nauyi shi Faransawa suke kira nauyin ƙuda. A nan ya gagari kowa a garuruwan bakin teku, ya ɗauki kambu, har aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Faransa ya yi 'yan shekaru yana karawa da 'ya'yansu. Ya dawo da karyayyen hanci, da kunne ɗaya a murɗe, da wata faffaɗar ɗamara da yake ajiyewa a akwatin ƙarfe. Daga nan ya tuba daga dambe, ya riƙi tsintsiyar masallaci da kiran salla.

Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce sikeli ne ya fara koya masa azumi kafin malamai, domin sikeli ba ya karɓar uzurin tafiya ko na rashin lafiya. Yakan tsokani mahautan layinmu, waɗanda suka gaji damben gargajiya, ya ce Allah Ya ba su hannu biyu suna faɗa da ɗaya, to ɗayan na kare kai ne ko na roƙon afuwa. Su kuma su ce masa wanda ya ɗaura matashin kai a hannu ai barci ya je yi ba dambe ba. A yi ta dariya har a kira magariba. Ni kuwa Malam Ƙarami yake kirana tun ina rarrafe, kuma ranar da zan tafi karatu shi ya ɗauki akwatina a ka har tasha, ya hana kowa taɓawa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma tana da wani sanyi da har yau idan na ji ladani yana jan harafi nakan tuna shi.

A shekarun nan jam'iyya ɗaya ce a ƙasa. Idan aka ce shugaba zai wuce, a rufe shaguna a jera mu bakin titi mu yi tafi, masu rawar jam'iyya suna gaba cikin atamfa iri ɗaya. Babu mai buɗe baki ya yi maganar mulki ko a zauren gidansa. Ina ganin zafin da muka haɗiye a can shi muka kawo cikin masallatai, muka sauke shi a kan mas'alar kabalu da sadalu, wato kama hannu a ƙirji cikin salla ko sakinsa a gefe. Mu masu sakin hannu ne tun kaka da kakanni. Wasu suka zo da kamawa, abin ya zama alamar ɓangare, har aka daina gaisawa, wani masallacin ma 'yan sanda suka garƙame shi saboda rigima. Na rantse a raina ba za a kawo wannan fitina masallacin mahaifina ba.

Sai aka fara zuwa mini da magana cewa Baba Ƙuda yana kama hannu a bayana. Ban yarda ba, sai da na tsaya na dube shi yana nafila: hagunsa ta damƙe damansa a kan ƙirji, tamau. Daga nan na shiga tara hujjoji. Na lura ya daina miƙo mini hannu a gaisa, sai dai ya dafe ƙirji ya sunkuya. Na lura ya daina sa hannu a akushi ɗaya da mu idan an kawo sadaka, kullum ya ce ya ƙoshi. Na ce a raina lallai an juya tsohon nan, har yana ƙyamar hannunmu da abincinmu. Gidansa bai fi taku arba'in da nawa ba. Ban taka na tambaye shi ba ko sau ɗaya.

Ranar wata sadakar arba'in, bayan la'asar, masallaci ya cika har waje. Na juyo na fuskanci jama'a, na ce duk wanda ya kama hannu a bayana sallarsa ɓatacciya ce, sai ya rama. Ban tsaya nan ba. Na ce wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fasa fuskokin mutane don nishaɗin mashaya ba shi zai zo ya koya mana sabon addini da furfura ba. Ban ambaci suna ba, amma duk idanu suka koma sahun gaba. Ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya ce Malam Ƙarami ya ba shi dama ya yi magana ɗaya. Na ce masa nan ba fagen dambe ba ne da za a mayar da martani. Wasu suka yi dariya. Ya dube ni ɗan lokaci, ya miƙe, ya ratsa sahu-sahu ya fita, takalmansa a hannu. Wani dattijo mai sayar da goro ya tare ni a ƙofa ya ce, cikin ladabi, da mahaifina ne da ya bi tsohon gida tukuna. Na amsa masa da cewa gaskiya ba ta duban furfura.

Bai sake kiran salla ba, bai sake shigowa ba. Na naɗa wani ladanin. Idan muka haɗu a lungu yakan riga ni sallama, ni kuwa in amsa a taƙaice in wuce. Ana nan hukuma ta ba da umarnin tashin Zongo. Katafila ta shigo, cikin 'yan kwanaki gidajenmu da masallacinmu suka zama fili. Yawancinmu aka kai mu arewacin gari, wajen Agoè, wurin da yake daji a lokacin. Wasu suka tsallaka Gana, wasu Kwatano, wasu suka koma Najeriya. Na ji an ce 'yar Baba Ƙuda ta ɗauke shi zuwa Adakpamé, kusa da tashar jiragen ruwa, inda mijinta yake aiki. Hidimar gini ta ɗauke mini hankali, na manta da shi.

Bayan kamar shekara biyu 'yar tasa ta zo har gidana. Ta durƙusa daga nesa, ta ce ba da sanin Baba ta zo ba, addu'a take nema masa, domin rawar hannun ta kama ɗaya hannun ma. Na tambaye ta wace rawar hannu. Ta ɗago ta dube ni da mamaki, ta ce ashe Malam bai sani ba. Tun kafin a tashi Zongo hannunsa na dama yake karkarwa ba ya tsayawa, likita ya ce tsohon dukan da ya sha a ka ne ya taso masa. Yana riƙe shi a salla ne don kada ya yi ta bugun na kusa da shi a sahu. Ya daina musabaha don kada a ji, ya daina ci cikin mutane don miya tana zube masa a riga. Ta ce ya hana a faɗa wa kowa, wai hannun da aka ɗaga sama a gaban dubban mutane ba zai bari yara su mai da shi abin kallo ba.

Washegari da hantsi na tafi. Na same shi zaune a tabarma a inuwar wani mangwaro, ya ƙanƙance, hannayensa biyu suna kaɗawa a kan cinyarsa. Ya gane ni tun kafin in yi sallama, ya ce a kawo wa Malam Ƙarami kujera, ai liman ba ya zaman ƙasa. Na zauna a ƙasa. Na ce Baba na zo neman gafara. Ya yi murmushi, ya ce baƙaƙe da farare duk sun kai shi ƙasa, amma babu wanda ya hana shi tashi kafin a ƙirga goma sai ni. Sa'an nan ya ce ya yafe tun tuni, tambaya ɗaya kawai yake da ita, tun da Allah Ya kawo malami har gida. Ya ce tun ranar nan yake rama sallolin da ya yi da hannu a kame, bayan kowace farilla yakan ƙara guda, yana danne hannun a gefen cinyarsa gwargwadon iko. Yanzu ƙarfinsa ya ƙare, tsayuwa tana ba shi wuya, kuma bai san ko ya kai rabi ba. Shin idan ya mutu bai gama ba, Allah zai kama shi da sauran?

Ban taɓa jin nauyin ilimi kamar wannan lokaci ba. Na ce masa babu salla ko ɗaya a kansa. Na ce kama hannu ba ya ɓata salla, ko da lafiya balle da uzuri, kuma babu wani malami a cikin littattafan da na karanta da ya ce yana ɓatawa. Ya tambaye ni ko daga baya na gano haka. Na ce a'a, ko a ranar na sani. Sai ya ce, to Malam Ƙarami, me ya sa ka faɗa? Ya ce shi nasa ya wuce, amma ba shi kaɗai ya ji maganar ba, don haka in koma inda na faɗe ta, a gaban waɗanda suka ji, in warware. Na ce na yi alkawari. Bai ƙara wata biyu ba ya rasu.

Masallacin da na yi maganar babu shi, mutanen da suka ji sun watse a ƙasashe huɗu. Na faɗa a sabon masallacinmu, na maimaita a wurin jana'izarsa, amma waɗanda suka halarci la'asar ɗin nan a cikinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran sun tafi da maganata, kuma ban san mutum nawa suka koya wa 'ya'yansu ita ba, ko mutum nawa suka yanke zumunci a kanta. Shi ya sa na rubuto, ko Allah zai kai takardar nan hannun wani daga cikinsu ko jikansa. Abin da na faɗa ranar nan ƙarya ne, na faɗe shi ina sane, don in rinjayi wani ɓangare. Ladaninmu bai canza komai a addininsa ba, ciwo yake ɓoyewa.

Ina gargaɗin 'yan'uwana masu tsayawa gaban jama'a, musamman matasan da suka dawo daga karatu da zafinsu. Kalmar da malami ya jefa cikin fushi, wani bawan Allah zai ɗauke ta a matsayin hukunci ya yi ta wahala da ita shekara da shekaru, domin ya yarda da kai fiye da yadda ka cancanta. Kada son kare ɓangare ya sa ku tsananta abin da shari'a ta sassauta. Idan kun ga wani abu a jikin mutum wanda bai yi muku ba, ku je gidansa, ku zauna, ku tambaye shi ku biyu. Kuma kada ku yi wa wanda ya tuba gori da abin da ya baro, domin ba ku san matsayinsa a wurin Ubangijinsa ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi wa tsohon ladaninmu addu'a, ya haɗa da ni. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi sallolinsa na farko da waɗanda ya maimaita saboda ni, Ya yafe mini. Allah Ya tsare harsunanku daga abin da ba za ku iya janyewa ba, Ya sanya albarka da lafiya da zaman lafiya a gidajenku da zuriyarku, Ya sa mu cika da imani. Amin.