Hular da Ta Riƙe Mini Ciniki

Shekarar da muka tare a Abuja, ko'ina ka duba bene ake tayarwa, ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: keken ɗinki. Akwai wani na hannu a kasuwar Wuse, baƙi mai zanen ruwan zinari. Sati uku ina wucewa ina satar kallonsa, tsoron tayawa nake. A garinmu in ka taya aka ce an sallama, ka ɗaure kanka.

Maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai sayar da abinci, ita ta zaunar da ni.

"Maman bebi, ciniki da ƙafa ake yin sa. Ki taya, in ya ce albarka, wato bai yarda ba, ki juya ki tafi. Kada ki waiwaya! Shi zai kira ki. Wanda ya dawo da kansa, an gama da shi."

Na goya 'yata na tafi. Mai keken dattijo ne, yana cin goro. Na taya.

"Albarka, 'yata. Keken kika taya ko allurar?"

Na juya. Taku goma, shiru. Na wuce masu atamfa, shiru. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Sai a bakin ƙofar kasuwa na shafa kan yarinya na ji ba hula, ga rana tana dukan maɗigarta. Na tsaya ina ta saƙe-saƙe: in koma, an gama da ni, in tafi, me zan ce wa babanta?

Na koma.

Na tarar da wani mai kwat yana juya keken, hular ulu kuma tana rataye a kan ƙarfen zare, inda ta faɗa sa'ad da na sunkuya.

"Oga, haƙuri," dattijon ke ce masa, "ana ciniki a kai. Ba a shiga cinikin wani. Ga hular mai shi nan."

"Baba, hula kawai na zo ɗauka," na ce, ina ta haɗe rai.

"Na sani. Hular ce ke kallon keken nan sati uku." Ya tofar da goro. "Ƙara wani abu, ko na kunya."

Na ƙara kaɗan.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

A tasi, keken a but ɗin motar, na riƙe hular gam kamar za ta sake gudu. Maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida: "Ya kira ki, ko?"

Na ce ta zo ta kama mini, keken da nauyi.