Ranar da Na Bar Mahaifina a Maƙabartar Sojoji

A shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ni makanike ne a wani gareji da ke unguwar Mahadiya a Sabha. Daga Damagaram na zo, na samu takardar zama, na ɗauko matata da 'ya'yana mata biyu muka kama haya a Gurda. Mutane suna ganin girmana, ba na fashin jam'i, kuma da yake na yi lakwal, wato makarantar boko, ni nake karanta wa 'yan garinmu duk takardar da ta zo da Faransanci. Abin da ba wanda ya sani shi ne ina shan giya. Wani abokin aikina mutumin Tunisiya ne ya koya mini, irin wadda ake dafawa a ɓoye, tunda a ƙasar doka ma ta hana ta.

Ana haka mahaifina ya zo wurina a yi masa aikin ido. Tsoho ne da bai san ubansa ba. Yana goye Faransawa suka ɗebi kakana soja a yaƙin duniya na biyu, suka bi da su ta wannan hamadar har Tunisiya, bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ne ya kawo labarin an binne shi a maƙabartar sojoji a kan wani tudu. Wata rana muna shan shayi Baba ya ce ashe yanzu ya yi rabin hanya, da zai ga kabarin ya yi addu'a, da ya mutu ba shi da sauran buri. Nan take na yi masa alkawari.

Na ɗauki shirin da gaske. Na roƙi maigidana hutun kwana goma, na yi ta sintiri har aka buga mana izinin fita da komowa, na kwance injin motata na sake ɗaure shi. Amma akwai lauje cikin naɗi. Abokin nan nawa ya ba ni labarin wata masana'antar giya da ba ta da nisa da maƙabartar, inda ake zagayawa da baƙi a nuna musu tukwane, a ba su su ɗanɗana, ba ɗan sanda ba ɓoyo. Tun daga ranar, duk lissafin hanyar da nake yi, wurin nan ne a tsakiyarsa. Matata ta tambaye ni dalilin da ya sa na ware yini guda babu komai a cikinsa, na ce kayan mota zan duba.

Kwana huɗu muka yi a hanya, mota ta ɓata mana na biyar, muka isa da kwana ɗaya tak a hannu kafin mu juyo. Mai hankali zai san abin da ya kamata ya bari. Ni kuwa da hantsi na sauke Baba da matata da yaran a ƙofar maƙabartar, na ce su shiga su huta a inuwa, yanzu zan dawo. Duwatsun kaburburan jere suke fari fat, iya ganinka, kuma sunayen da Faransanci aka rubuta. Matata ba ta yi boko ba, yarana Larabci suke karantawa, idon Baba bai gama warkewa ba. Ni kaɗai ne zan iya karanta su, kuma na san haka lokacin da na tada mota na nufi masana'antar giyar.

Ban dawo ba sai bayan la'asar, mai gadi yana jan ƙofa. Matata ta gaya mini daga baya cewa Baba ya yini yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, yana shafa rubutun da yatsa, yana yi wa kowane kabari addu'a ko Allah zai sa ya dace da na ubansa. Da na matso zan kama hannunsa, sai ya ji warin. Bai ɗaga murya ba. Ya zare hannunsa ya ce, "Ashe ba ni ka kawo ba, rakiya na yi maka." Daga nan har Sabha, ruwa ma daga hannun jikokinsa yake karɓa.

A hanyar nan na yanke shawara, kuma ban sake kurɓa ba. Ba abu ne mai sauƙi ba. Na bar garejin don in rabu da abokin nan, na koma gyaran injin ban ruwa a gonakin Wadi Bawanis. Na zaunar da matata na faɗa mata komai tun daga farko. Sau biyu ina durƙusa wa Baba a kan mu koma, yana cewa shi ya riga ya je. A karo na uku, bayan shekara ta zagayo, ya ce zai bi ni, amma da sharaɗin surukarsa ce za ta faɗi inda za a tsaya da inda za a kwana. Na ce na yarda.

Muka koma. Mai gadin ya fito da littafin sunaye, na bi shi shafi-shafi har na tarar da sunan kakana, Turawa sun karkata rubutunsa amma garinmu na nan a gefensa. Na kai Baba har gaban dutsen. Ya zauna a ƙasa ya yi sallama, ya ce, "Baba, ni ne ɗan da ka bari a goye." Na ja da baya na bar su.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, mugun hali ba ya zuwa tsirara, rigar aikin alheri yake ara, har kai mai shi ka yarda alheri kake yi. Ni na samu dama ta biyu don Allah ya ja kwanan mahaifina, ba don na cancanta ba. In akwai abin da kake ɓoye wa iyalinka, kada ka jira ranar da za su ji warinsa. Ka faɗa musu da bakinka, ka bar shi tun tsohonka yana da rai.