Ramin Fulogin Baba Yohanna

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba a wannan aiki, ranar da na tsaya ina kallon mutumin da ba ya gani yana yanka zare a cikin kan injin babur. Ku da kuka shigo garejin nan kwanan nan, ku matso ku ji.

A lokacin ina ƙaramin bakanike a garejin ma'aikatarmu da ke Doka. Tsarin aiki shi ne, duk abin hawan da ya lalace bakanike zai duba, ya cika takardar bincike. A ƙasan takardar akwai gurbi biyu: "yana gyaruwa" da "ba ya gyaruwa". Idan ka zaɓi na biyu, foman, wato shugaban gareji, ya sa hannu, to an gama. Sai a tura abin hawan bayan sito ya jira gwanjo.

Muna da masinja mai kai wasiƙu a kan babur, Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna. Ma'aikacin wucin gadi ne, duk shekara ake sabunta masa takarda, kuma sharaɗin a fili yake: muddin akwai babur, akwai aiki. Babur ɗin kuwa tsoho ne, an daina shigo da irinsa tun da daɗewa. Ban taɓa ganin mai son ƙarfe kamar Baba Yohanna ba. Kullum in ya dawo daga aike, inji da zafinsa, sai ya kwance fulogi ya goge, ya hura, ya mayar, ya ɗaure da duk ƙarfinsa. Mukan tsokane shi cewa ko Mama, matarsa, ba ta samun wannan kulawa a gida. Sai ya ce, "Mama tana da baki, za ta faɗi abin da ke damunta. Wannan fa?"

Son ne ya jawo masa. Kan inji na alminiyon ne, fulogi kuwa ƙarfe, kuma alminiyon mai zafi ba ya jure murɗa. Sannu a hankali zaren da ke cikin ramin, wanda fulogi ke kamawa, ya cinye. Wata Litinin da hantsi sai ga shi yana turo babur da ƙafa, fulogi na reto a jikin wayarsa.

Na yi duk dabarun da na sani. Na naɗa siririyar wayar tagulla a jikin fulogin na ɗaura. Babur ya tashi, muka fara murna, sai fulogi ya yi tsalle kamar harsashi ya bugi kwanon rufi. Na kwana biyu ina zagaya masu kayan gyara a Babbar Kasuwa, babu mai irin wannan kan inji. Ranar Laraba na cika takarda, na zaɓi gurbi na biyu, na kai wa foman.

Foman ya karanta, ya ɗago ya dube ni. "Ka san abin da wannan ke nufi ga mutumin can?"

Na ce, "Na sani, yallaɓai, amma zare ya cinye. Abin da ya rage tsakanin ramin da mazaunin bawul, wato marfin ƙofar iskar inji, bai fi kaurin farce biyu ba. In an faɗaɗa, zai tsage."

Ya jefa takardar cikin aljihun tebur. "Ba zan sa hannu ba sai gobe da ƙarfe huɗu. Ka kwance kan injin, ku kai wa Malam Sallau a Unguwar Sarki. Shi ne mai injin sassaƙa ƙarfe a garejin nan kafin ya yi ritaya."

Gaskiya na tafi ne don kawai an ce in je. Da muka isa washegari, muka tarar da dattijo a zaure bisa tabarma, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Na tsaya daga bakin ƙofa. Baba Yohanna kuwa ya durƙusa ya gaishe shi, da ma sun san juna.

"Yohanna, kai ne har yanzu a kan dokin nan?"

"Ni ne, Malam. Na kashe shi da hannuna."

"Miƙo in gani."

Haka ya ce, in gani. Ya karɓi kan injin ya ɗora a cinya, ya zura ƙaramin yatsa cikin ramin, ya juya a hankali. Can ya ce, "Samari, wa ya cusa waya a nan?" Na ce ni ne, Baba. Ya yi dariya. "Allah ya shirye ka. Amma akwai sauran zare biyu a can ƙasa da ba su mutu ba. Su za su nuna mana hanya." Ni da idanuna biyu da tocila ban ga zaren nan ba.

Ya sa na ɗauko masa wata tsohuwar jaka a bayan ƙofa. A ciki akwai ƙarafan yanka zare naɗe cikin tsumma mai maiƙo, da gwangwanin madara cike da ƙananan zobban tagulla, masu zare ciki da waje, waɗanda ya sassaƙa da kansa tun yana gani. Dabarar ita ce a faɗaɗa ramin, a yanka masa sabon zare, a ɗaura zoben a ciki, sannan fulogi ya zauna a cikin zoben. Wahalar kuwa, ramin fulogi a karkace yake. Idan ka kauce ko kaɗan, fulogi ba zai zauna daidai ba, iska za ta riƙa fita. Idan ka kauce ta ɓangaren bawul, kan inji ya tsage. Sau ɗaya ake gwadawa.

Ya yi ta laluben zobban da farcen babban yatsa har ya ware ɗaya. Ya ce in danne kan injin tsakanin gwiwoyina, kada in yi ko tari. Ya shafa giris a jikin ƙarfen yanka, ya yi bismilla, ya saka. Ƙarfen siriri ne a baki, sai ya bar bakin ya kama sauran zaren nan biyu, ya tsaya, ya ɗora tafin hannu a kai kamar mai jin zazzaɓin jariri. Sannan ya fara: ɗan juyi gaba, ɗan juyi baya. In ya yi uku ko huɗu sai ya fitar, ya share ɓarɓashin da ya manne a giris, ya murza shi tsakanin yatsu. A nan yake gane ko ƙarfe na yanka ko yana yaga.

Wajen rabin aiki ya tsaya cak. Ya karkata kai. "Kun ji?" Ba mu ji komai ba. "Yana kuka ta wajen bawul. Samari, ka sassauta gwiwarka ta hagu, kai ne kake karkata min shi." Na duba, wallahi ƙafata ta yi sanyi ta zame ban sani ba. Na gyara zama. Baba Yohanna ya cire hula ya riƙe a ƙirji, leɓunansa na motsi.

Fiye da awa ɗaya aka yi a kan ramin da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Da ya gama, ya sa aka ɗumama kan injin a kan gawayi, zoben kuma aka tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, don in zafinsu ya daidaita su riƙe juna. Ya ɗaura zoben, muka jira ya huce. Sannan ya miƙa wa Baba Yohanna sabon fulogi. "Saka da yatsunka kawai." Fulogi ya bi zare sumul har ƙasa, ya zauna daram.

Muka koma gareji na haɗa inji. Saura kaɗan ƙarfe huɗu Baba Yohanna ya taka. Bugu na biyu babur ya ɗauka. Na yayyafa ruwan sabulu a gindin fulogi, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Baba Yohanna ya kifa goshi a kan tanki, kafaɗunsa na girgiza, muka kau da kai muka bar shi. Foman ya fito, ya saurari ƙarar injin, ya koma ofis. A ƙarshen shekara aka sabunta wa masinja takardarsa, kuma a kan babur ɗin ya ƙarasa aikinsa.

Tun daga nan na yi wannan gyara ba adadi, da kayan zamani, da fitila, da tabarau, amma ban taɓa yanka zare mai kyan na Malam Sallau ba. Abin da na koya shi ne, ilimin sana'ar nan a jikin mutane yake zaune, kuma yawancinsu suna zaurukansu babu mai zuwa tambayarsu. Shi ya sa yau da nake foman, in kun kawo min takarda kun zaɓi gurbi na biyu, nake tambayarku wa kuka nuna wa. Ni na taɓa rubuta "ba ya gyaruwa" alhali gaskiyar magana ni ne ban iya ba, kuma saura kwana ɗaya rashin iyawata ya raba dattijo da abincinsa.