Akwatin da Aka Ɗaura wa Zani

Ni mace ce mai tsoron kuskure. In na sa gishiri a miya sai na ɗanɗana, in koma in sake ɗanɗanawa, har maigidana yakan ce rabin miyar gidanmu a bakin tukunya take ƙarewa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a lakwal, wato makaranta, an san ni da rubutu mai tsabta, kuma har yau in takarda ta taso a danginmu ni ake nema. Ta haka aikin akwatin zogale ya faɗo kaina.

Yayana kafinta ne a Tsibiri, wani furoje na masu tallafa wa manoma ya koya masa ƙera akwatin busar da ganye. Gwaggonmu kuwa, ƙanwar babanmu, ita ce shugabar mata masu sana'ar zogale a Jiratawa. Da damina ganye yakan yi musu yawa. In sun shanya a tabarma hadari ya taso, in ba hadari rana ta ƙona shi ya yi ja, ga yashi. Sai wani Alhaji na unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maraɗi, ubangidan maigidana, wanda motocinsa ke ƙetare iyaka, ya ce in za su kawo masa busasshen zogale kore shar, ba yashi, ba warin fumfuna, zai kwashe duk abin da suka yanka a daminar. In bai yi masa ba, shi ke nan, akwai wasu garuruwan.

Yaya ya biyo ta gidanmu da akwatin a bayan mota, kafin ya wuce da shi Jiratawa. Tsayinsa ya kai kafaɗata. A gabansa akwai kwanon rufi baƙi da gilashi a kai, kwance a karkace. A cikinsa faranti-faranti na raga. Ƙasa akwai ramuka, sama akwai bututu. Yaya ya yi ta zuba bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce, "Ke dai ki rubuta musu yadda za su gane. Ni in na yi magana Gwaggo cewa take na cika turanci."

Na sayi sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da na fara rubutu sai tsoro ya riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. In akuya ta hau gilashin fa? Na rubuta. In wata ta taɓa ganyen da lalle a hannu? Na rubuta. Ƙuda, ƙura, kashin kaza, majinar yara, hayaƙin murhu, duk na ba kowanne layinsa. Ƙura da ƙuda kam na maimaita su ban san iyaka ba, don su ne Alhaji ya fi tsana. Maigidana ya leƙa ya ce, "Wannan akwati ne ko mai jego?"

Ranar karatu mata suka taru a inuwar mangwaro, bakin lambu. Na miƙe da kayena, na fara karantawa. Tun ban kai rabi ba wata ta fara gyangyaɗi, wata ta ciro nono ta ba jariri. Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, ki sha ruwa, kada ki mutu a kan zogale." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na gama na tambaya ko an gane, suka ce tsaf: a kiyaye ƙura, a kiyaye ƙuda. Na koma Maraɗi da farin ciki.

Bayan kwana biyu hankalina ya ƙi kwanciya, na hau kabu-kabu na koma in gani. Tun daga ƙofar gidan Gwaggo na hango wani abu tsaye a tsakar gida, sanye da atamfa. Na ɗauka baƙuwa ce, har na buɗe baki zan gaishe ta.

Akwatin ne. Sun ɗaura masa zani tun daga ƙugu har ƙasa, ya rufe ramukan nan ruf. Bututun sama sun kifa masa faifai, sun ɗora dutse. Kuma ba tsumma suka sa ba, atamfar Gwaggo ce ta zuwa biki.

"Kin gani?" in ji Gwaggo, tana taƙama. "Ko ɗan ƙuda bai shiga ba. Yayanki ya bar shi duk ƙofofi. Wace mace ce za ta bar abincin baƙo a buɗe?"

Na buɗe ƙofar akwatin. Wani tururi ya bugi fuskata. Ganyen ya yi gumi, ya yi baƙi, ya manne da juna kamar an dafa shi an manta. Na zauna a kan turmi. Alhaji ya ce zai zo da kansa ranar Juma'a, kuma yanka ɗaya ne ya rage a lambu kafin nan. In wannan ma ya lalace, babu abin da za a nuna masa.

Matan ba su yi wani abin banza ba. Ni ma a gidana ko ruwan sha ba na miƙa wa baƙo sai da murfi. Na ba su labarin duk abin da zai iya ɓata ganyen, amma abin da akwatin yake yi ya nutse a tsakiyar shafi, tsakanin akuya da lalle.

Na kira Yaya a salula. Da ya ji zancen atamfa ya yi dariya har ya sarƙe. Na ce, "Yaya, ba dariya na kira ka ba. Ka faɗa mini, da numfashi ɗaya, mene ne ke busar da ganyen nan?" Ya ce, "Iska mana. Rana tana dumama ta ne kawai."

Ina riƙe da salular idona ya kai kan igiyar shanya, inda kayan jikokin Gwaggo ke kaɗawa. Na ce, "Gwaggo, in kin yi wanki kika ninke shi da ruwansa, kika sa a kwalla kika rufe, kika ajiye a rana, zai bushe?"

"Sai dai ya yi tsami."

"To abin da muka yi wa zogale ke nan."

Muka kwance zanin, muka sauke faifan. Na kama hannunta na kai ramukan ƙasa, ta shafa ta ji ashe akwai raga mai ƙananan ido, wadda ƙuda ba zai wuce ba. Bayan ɗan lokaci na sa ta hau kujera ta ɗora tafinta a bakin bututu. Ta zabura. "La ilaha! Numfashi yake yi!" Nan da nan mata suka yi layi, kowa sai ta hau ta ji. Wata tsohuwa ta ce ai ya fi mijinta ɗumi, wata ta ce mata to ta nemi a ɗaura musu aure, tun da ga atamfa an riga an saya. Na yi dariya har da hawaye.

A nan na yi musu sabon bayani, da baki, na ɗauki muryata a salula don a tura wa waɗanda ba su zo ba. Iska ke shiga ta ƙasa, ta ɗumama, ta kwashe ruwan ganye ta fita da shi ta sama, don haka kada a toshe ko'ina. A wanke ganye, a bari ya tsane. A baza shi sama-sama, yadda za a riƙa hango raga ta ƙarƙashinsa. In ya yi ƙaras-ƙaras a hannu, ya yi. Wallahi da ƙyar na daure na tsallake zancen akuya. Na so in ƙara ko da kalma ɗaya ce a kan lalle, Gwaggo ta fizge salular ta ce, "Ya isa, Malama."

Amma ta ja ni gefe ta ce ita fa bakin bututun nan a buɗe yana hana ta sukuni. Na fahimce ta sarai. Sai na rubuta wa Yaya nasa bayanin, irin wanda kafinta ke so: hular kwano mai faɗin faifai, a kan ƙafafu uku, tsakaninta da bakin bututu faɗin tafin hannu, don iska ta fita ta gefe. Washegari ya kawo ta da kansa. Gwaggo ta zagaya akwatin ta ce yanzu ya zama mutum.

Saura bayanin Alhaji. Maigidana ya ce kada in kuskura in kai masa zancen ramuka, ba zai saurara ba. Na yi ta gogewa ina sakewa, har ya rage abin da ɗan kasuwa zai iya faɗa wa mai saye: zogalen da ya bushe a cikin akwati, rana ba ta taɓa shi ba, ƙasa ba ta taɓa shi ba, shi ya sa yake kore kuma ba yashi.

Ranar Juma'a bayan masallaci motarsa ta tsaya a ƙofar gidan Gwaggo. Ni tun safe ban iya cin komai ba. Aka shimfiɗa masa darduma, aka ajiye buhu a gabansa. Na miƙa masa 'yar takardata da hannu biyu. Ya karanta, ya sa a aljihu. Ya tura hannu can ƙasan buhun, ba sama ba, ya damƙo. Kore shar. Ya murza, ya sunsuna, ya watsa kaɗan a baki yana taunawa a hankali, yana jiran yashi ya yi masa ƙara a haƙori.

Ya haɗiye. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Hajiya, akwatin nan guda ɗaya ne gare ku? Ai ba zai ishe ni ba."

Guɗar da Gwaggo ta saki sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yaya ya cire hularsa yana fifita da ita, yana ta washe baki. Ni kuwa na zauna a ƙasa daɓas cikin kayan Juma'ata. Wata ta turo mini kwanon kwaɗon zogale da ya ji ƙuliƙuli, na sa hannu na cinye tas, na miƙa kwanon a ƙaro.