Ranar da Na Tambayi Hanyar Tawa a Gurup

Na haura arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tabotaki, cikin rumfar kara bayan lakkwal, makarantar bokon garin. Sai da na yi shekara biyu kafin in iya rubuta saƙo a waya ban roƙi kowa ba. Na faɗi haka ne don a san wadda aka yi wa abin nan ba yarinya ba ce.

Da damina ne, gero ya kai ƙugu. Ranar wata Litinin da hantsi ɗiyar yayata ta bugo mini daga Tawa, ta ce jikin uwarta ya yi tsanani a likita, wato asibiti, tana ta tambayata, in zan zo in zo yanzu. Yayar nan ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, a ɗakinta na girma.

Daga wajenmu hanya biyu ce. Ko ka bi ta Keita, kusa ce amma ta ƙasa ce, da koramu a kanta, ko ka gangara Buza da Madawa ka hau kwalta ka zagayo, ka wuni a mota. Na tambayi direban da ke lodin Keita, ya ce hanya lafiya lau. Ban taɓa jin direba ya ce hanyarsa ta ɓaci ba alhali yana neman fasinja, don haka na tafi wajen malamarmu. Ita ta ce akwai gurup na matafiya a waya, direbobi da ƴan kasuwa da ma'aikata, kullum suna faɗa wa juna halin hanya. Ta sa aka saka ni.

Ni yadda aka rene ni, ba ka shiga taro ka jefa buƙatarka kamar wanda ya zo karɓar aro. Na rubuta sallama, na aika. Na rubuta ina wuni, na aika. Na tambayi gajiya da iyali da ruwa, kowanne da saƙonsa, kamar yadda ake yi a baki. Sannan na ajiye wayar a kan turmi ina jiran a amsa in faɗi abin da ya kawo ni. Tun azahar har la'asar ba wanda ya amsa. Suna ta maganar kuɗin buhun albasa da wata mota da ta lalace.

Da na ga rana za ta faɗi na haƙura, na rubuta cewa ni baƙuwa ce, ina da marar lafiya a Tawa, ko hanyar Keita tana biyuwa gobe.

Nan take bakinsu ya buɗe. Wani ya ce ashe mai gaisuwar tana da magana. Wani ya aiko da murya yana dariya: "Hajiya, nan ba gidan suna ba ne, kin cika mana waya." Wata mace, wadda na zaci ko ita za ta ji ni, ta ce saura in gaida awakinsu. Suka yi ta jera fuskokin nan masu dariya da hawaye. Sai mai gurup ɗin ya rubuto cewa an riga an yi maganar hanyar nan, ba a maimaita tambaya, doka ce.

Ya ƙara da cewa: "Inna, ki duba sama."

Na duba. Na ja yatsa har ya yi mini zafi. Babu komai a sama sai sallamata. Daga baya malamarmu ta gaya mini wanda aka saka yau ba ya ganin abin da aka rubuta jiya. Mai gurup ya san haka, shi ke saka mutane da hannunsa. Ni a ranar kaina na zarga, na ce karatuna ne bai kai ba. Na rubuta cewa ban ga komai ba, a taimaka. Wani ya ce a bar tsohuwa ta huta. Kunya ta hana ni tambaya ta uku, kuma wannan laifina ne, na ɗauka.

Talata da safe na hau motar Keita, don ita ce kusa.

Wajen Garhanga muka tarar da korama ta cika, ruwa ja yana tafe da itatuwa. Direba ya ce ruwan zai janye kafin azahar. Da azahar aka sake yin ruwa a tudu, wadda muka ƙetare a baya ita ma ta kawo. Muka zauna tsakaninsu. Mutanen wani ƙauye da ban san sunansa ba suka kawo mana hura da tabarmi, ba su tambayi daga ina muke ba sai da muka sha.

A nan, a bakin ruwa, wani ɗan kasuwa da ke motarmu ya sa aka saka shi a gurup ya faɗi halin da muke ciki. Wanda ya ce nan ba gidan suna ba ne, shi ne ya sake turo hoton koramar, wanda aka ɗauka aka saka a gurup tun Lahadi, ya rubuta a ƙasa cewa wanda bai ji gargaɗi ba ya ga aiki. Na kalli hoton na kalli ruwan, wuri ɗaya ne, har da gawon da ke gefe. Ashe taɓawa ɗaya ce da yatsa. Ranar Litinin yana da hoton, yana da yatsan, ya zaɓi ya yi mini dariya.

Sai Alhamis da hantsi muka ƙetare. Na isa Tawa da la'asar, ban ma je likita ba, ɗiyar yayata ta ce in wuce gida. Na tarar da tabarmi a ƙofa. Yayata ta rasu Laraba da azahar, an kai ta kafin magariba.

A cikin mata na ga ƴar kawunmu ta Bangi. Ita Talata da rana ta ji labari, ta bi kwalta ta Madawa, ta same ta tana magana. Ita ta ba ta ruwa, ita ta yi mata wanka. Ta kama hannuna ta ce yayata ta bar mini sallahu, amma muryar ta yi ƙasa, ba ta ji abin da ta ce ba.