Ɗan da Aka Sauke daga Baya

Ina da shekara bakwai Ummanmu ta haifi Sagir, a gidanmu na Gyadi-Gyadi. Kakarmu ta wajen uba, Inna Dudu, a nan gidan ɗakinta yake. Ba mai sakar wa jikoki fuska ba ce, amma jego yana canza ta. Ita ke hura wutar ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata itace. A tsakar gida ake girka ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ganyen darbejiya na iyo a ciki, ƙamshinsa har zaure. Idan Umma ta yi wankan yamma ta shige ɗaki da jaririnta, ba a kashe garwashin. Ana idar da isha'i Inna za ta jawo tabarma ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta, ni da 'ya'yan baffana uku. Ƙanwata Ummi, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, a cinyar Inna take kwanciya tana tsotsar yatsa.

Ummi ta zama abin tausayi a kwanakin nan, ta kuma zama abin haushi. Ta koma fitsarin wando bayan ta daina. Ta koyi cizo. Wuni take yi a bakin ƙofar Umma tana kuka, Umma kuwa, ga gajiya ga ciwon nono, abin da muke ji daga ciki shi ne a zo a ɗauke mata yarinyar nan.

Inna tana da tatsuniyoyi masu ban dariya, amma a jegon Sagir akwai guda ɗaya da take ta maimaitawa, ko mun roƙa ko ba mu roƙa ba. Ba ta jiran a amsa mata. Sai ta tsokani garwashi da ƙirare ta ce, "To, ga ta nan tafe. Mai tsoro ya matso kusa." Mu duka muke matsawa.

Wai wata mata ce a wani gari na bakin fadama, ta haihu alhali tana da ɗan yaye. A garin kowa ya san akwai tsohuwar da ke fitowa daga fadamar duk sa'ad da ta ji ƙamshin ruwan jego. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, domin da baya take tafiya. Bayan nata faffaɗa kamar ƙyaure, ɗaure da baƙin zanin goyo, ba kowa a ciki. Matar nan ta tsare jaririnta iya tsarewa. Ta turara ɗaki, ta toshe taga, ta hana idonta barci. Idan ɗan yayen ya raɓo ta sai ta ture shi, kada ya danne mata jariri. Ya gaji ya koma dokin ƙofa ya zauna.

Tsohuwar ba da dare ta zo ba. Da rana tsaka ta zo, kowa na harkarsa. Ta shigo zaure da baya ta tsuguna. A nan Inna take shaƙe murya, ta koma kamar ana jan tabarma a ƙasa.

"Wa aka sauke? Wa aka sauke a gidan nan? Ga baya ba kowa."

Yaro ya tashi ya hau.

Uwar ba ta farga ba sai da ta zuba masa tuwo a ɗan akushinsa, ta kira ta ji shiru. Ta saɓa jariri a baya ta fita a guje. A bakin ruwa ta cim musu, tsohuwar ta riga ta shiga har gwiwa. Ta yi kuka, ta yi roƙo. Tsohuwar ta ce ita ba sata ta yi ba, tsintuwa ta yi, kuma bayan uwar ɗaya ne, da mai shi. In tana son ɗanta, to ba taɓa shi, ba ɗaga murya, sai in shi ya sauko da kansa. Matar ta kwanto jaririn ta mayar da shi ƙirjinta, ta juya wa ruwan baya, ta durƙusa cikin taɓo. Ba ta ganin abin da ke faruwa. Motsin ruwa kawai take ji, ba ta san ko matsowa ake ko nisa ake ƙarawa ba.

Daidai nan Inna take yin shiru, ta ɗauki goronta.

"Inna, ya sauko?"

"Ina na sani? Ni ma baya na juya."

Wata rana in mun dame ta sai ta ce ya sauko mana, ku tashi ku ba ni wuri, wuta ma ta mutu. Amma ba mu taɓa yarda da ita ba. Na yi watanni ba na zuwa banɗaki ni kaɗai. In aka aike ni na hango tsohuwa a lungu ta juya baya tana shara, sai in canza hanya.

Na girma na manta, ko na ɗauka na manta. Na yi aure a Tarauni. Na fara da tallar zannuwan gado gida-gida, na ƙara da kayan jarirai, har Allah ya ba ni shago. Ni ba mai camfi ba ce, abin da idona ya gani shi nake saye. Haihuwata ta biyu mace ce, kuma lokacin ɗana Mubarak yana da shekara biyu da wata takwas. Tun cikin yana wata bakwai na daina goya shi. Kullum sai ya kama zanina ya ce goyo, kullum sai in ce ya bari sai anjima. Da aka kawo jaririyar gida ya leƙa ta, ya tambaye ni yaushe masu ita za su zo su ɗauka, don ya saba ganin ana zuwa karɓar kaya a gidan. 'Yan barka suka yi ta dariya, ni ma na yi. Daga nan maganata da shi ta koma kalma ɗaya: matsa.

Rana ta biyar, Umma, wadda ta zo zaman jego, ta tafi Unguwa Uku karɓo ɗinkin suna. Babansu yana wurin aiki. Bayan la'asar 'yan barka suka tsagaita, ruwana ya yi zafi, jaririyar ta yi barci a kan gado. Na ga idan ban yi wankan nan yanzu ba, sai wasu baƙin sun shigo. Na ba Mubarak wayata a falo, na kunna masa waƙoƙin yara. Har na kai ƙofar banɗaki na dawo. Mun tashi muna ganin ba a barin jariri shi kaɗai a ɗaki sai an ajiye masa ƙarfe a wajen kansa. Ban yarda da abin ba, amma na san in ban yi ba zuciyata za ta yi ta saƙe-saƙe. Na ɗauki 'yar wuƙar da nake yanke igiyar dilar kayan shago da ita, na tura ƙarƙashin matashi. Ban waiwaya na ga ko akwai mai kallona ba.

Ina cikin wanka na lura waƙar tana ta yi a falo, amma babu muryarsa a kai. Mubarak ba ya jin waƙa ya yi shiru. Na ɗaura zani, ko ruwan ban goge ba, na fito.

Yana kan gadon a durƙushe. Ya yaye mata mayafi, ya ɗage rigarta. Hannunsa na hagu riƙe da ɗan robar nan da ake maƙale cibiya da shi a asibiti, na dama riƙe da wuƙar. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa cike da murna.

"Mami, zan cire mata."

Sau nawa ya zauna kusa da ni ina yanke takardar da ke rataye jikin sabon kaya. A wurinsa wannan ma sabon kaya ne da aka manta ba a cire wa ba.

Tsakanina da gadon taku biyar ne ko shida. Na san in na yi ihu zai firgita, hannun ya faɗa inda ba na so. In na yi tsalle, kafin in kai ya gama. In na ce ya ba ni, amsar da yake ba ni kullum ita ce a'a, shi zai yi. Duk wanda ya yi ciniki ya san da zarar ka nuna kana son abu, mai shi ya ƙara damƙe shi. Jaririyar kuma ta fara motsi, tana harba ƙafafu, cikinta na hawa yana sauka a ƙarƙashin bakin wuƙar. Na ce masa sannu da aiki, da wata murya da ban san ta ba. Ya ce yauwa, ya sunkuya zai ci gaba.

Ba zan ce na tuna da Inna ba, don ban tuna komai ba a lokacin. Gwiwoyina ne suka kai ƙasa. Na juya wa gadon baya na ce, "Mubarak, zo in goya ka."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar rashin waiwayen nan ba. Ina kallon bango, ruwa na ɗiga daga gashina, na ɗauko addu'a na kasa kai ta ƙarshe. Jaririyar ta tsala kuka. Ban san ko yanka ba ne, ko sanyi ne ya taɓa ta. Duk jikina yana cewa in juya. Na san kuma in na juya zai ga fuskata ya gane yaudara ce. Sai na ɗan jijjiga bayan nawa yadda nake yi masa da, na ce ya yi sauri kafin in tashi.

Katifa ta motsa. Na ji ƙafafunsa sun dira a tayil. Ya faɗo bayana da dukkan nauyinsa, ya zagayo wuyana da hannu biyu, wuƙar tana nan a hannunsa. Sanyinta na fara ji a ƙashin wuyana kafin zafin. Na kama tsintsiyar hannunsa a hankali, na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta dariya a kunnena. Da shi a baya na tashi na duba ta. Bai yanke ta ba. Cibiyar ce ya ja har ta ɗan yi jini a gefe. Jinin da ya ɓata zanin gadon nawa ne.

Ba zan ɓoye ba, hannuna ya tashi zan dake shi. Abin da ya tsayar da ni tambaya ɗaya ce: wa ya ajiye wuƙar? Na jawo zani na ɗaure shi sosai, na zauna bakin gado na ba jaririyar nono. Kafin ta ƙoshi shi ya yi barci.

A haka Umma ta same mu. Na gaya mata komai, ina jiran faɗa. Ta ajiye ledar ɗinkin, ta duba cibiyar, ta wanke min ciwon. Sai da ta zauna ta tambaye ni ko na san wa Inna take yi wa tatsuniyar tsohuwar fadama. Na ce mu mana.

"Ku? Ba ki lura a gindin tagata take shimfiɗa tabarmar ba?"

Ashe a jegon Sagir akwai ranar da Ummi ta fice daga gida ba wanda ya sani, ta bi wata mai tallar awara har bakin babban titi. Wani maƙwabci ne ya tsinto ta tana shirin tsallakawa. Ni ina makaranta, ba a gaya min ba. Inna ta karɓi yarinyar a zaure, ba ta ce wa Umma komai ba, don ba ta ga yadda za ta yi wa surukarta faɗa tana ɗanyen jego ba. A daren ne ta fara tatsuniyar. Umma ta ce tana ciki tana ji tana kuka, kuma har Inna ta rasu ba su taɓa tayar da maganar ba.

Na daɗe ina juya abin. Muna yara mun ɗauka abin tsoron tsohuwar ce. Yanzu da na ɗanɗana, na ga mai jego ba ta rasa tsoro, sai dai duk ta tattara shi wuri ɗaya, kan wanda yake kwance ba ya iya zuwa ko'ina. Mai ƙafa, mai hannu, mai ido yana kallon duk abin da take yi, shi take cewa ya matsa. Ni ɗin da nake ganin ba a cutata a kasuwa, na tsare 'yata daga abin da ban yarda akwai shi ba, da abin da ya kusa halaka ta. Har yau in na ji waƙar yara tana tashi a waya ba muryar yaro a kai, sai gabana ya faɗi.

A shago nakan ga mata da tsohon ciki sun zo sayen kayan haihuwa, wani ƙaramin yana riƙe da gefen hijabinsu ana ja masa tsaki. Ni ban iya tatsuniya ba, kuma ba surukar kowa ba ce. Ina ɗaure kaya nake gaya musu kai tsaye, in ja wuyan rigata in nuna tabon. Wasu su yi salati, wasu su ga na cika shisshigi. Makon jiya wata malamar makaranta 'yar Filato ta saurare ni har ƙarshe. Ta ɗauki ledarta ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ta dubi ɗanta. Ta dawo ta ce in ƙara mata zanin goyo ɗaya.